La Faute, garin da teku ta shiga ta bayan gida

Ranar da aka ce mini za mu tafi ganin garin da iska ta yi wa ɓarna, abin da na sa a raina shi ne irin wanda na saba gani a gida farkon damina: kwanon rufi nannaɗe bisa icce, katanga kwance, bedi ya tuge da saiwa ya tare hanya. Mutumin Maraɗi ko na Damagaram, in ka ce masa iska, abin da ya sani ke nan. Amma da muka isa La Faute-sur-Mer, bakin tekun Atlantika cikin jihar Vendée ta ƙasar Faransa, ciyawa na tarar. Fili ne shimfiɗe, kore shar, an aske shi sumul, ga waɗansu dattawa biyu suna buga ƙwallon golf, wasan nan na masu hali da ake korar ƙaramar ƙwallo da sanda zuwa rami. Abokin tafiyata ya tsai da mota, ya ce mini nan ne. A wannan fili da kewayensa mutum 29 suka mutu dare ɗaya, galibinsu cikin ɗakunansu na kwana.

A watan Nuwamba na 2022 ne, wani horo na ƴan jarida ya kai ni birnin Nantes. Shi abokin nawa haifaffen wannan yanki ne, shi ya matsa sai na zo na gani da idona. Abin ya faru daren Asabar 27 wayewar Lahadi 28 ga watan Fabrairu na 2010, lokacin da guguwar da aka sa wa suna Xynthia ta faɗo wa gaɓar yammacin Faransa. In mai karatu bai tuna da labarin ba, ba abin mamaki ba ne. Kwana goma kafin nan sojoji suka kifar da mulkin Tandja a Yamai, ga kuma ƙarancin cimaka da ya sako ƙasa gaba a waccan shekara. Ni kaina ina ɗan makaranta a lokacin, na dai ji a rediyo an ce iska ta kashe mutane a Faransa, na wuce.

Tun a hanya ƙasar take fara ba da labarinta, ga mai lura. Daga garin Luçon zuwa bakin ruwa kilometir ashirin ne da ƴan kai, kuma babu tudu ko ɗaya na kirki. Gonaki ne da makiyaya a miƙe kamar tabarma, an tsattsaga su da magudanan ruwa, shanu na kiwo, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta. Nan da can sai ka hangi ƙauye bisa ɗan tozo. Abokina ya ce waɗannan tozaye tsibirai ne a da, domin duk inda muke tafe ɗin nan teku ce. Malaman Kirista masu zaman zuhudu suka fara haƙa magudanai da tayar da ganuwar ƙasa tun ɗaruruwan shekaru, daga baya sarki Henri na 4 ya ɗauko gwanayen janye ruwa daga wajen Holan suka ci gaba da aikin. Watau ƙasar nan kwata-kwata ƙwace ce aka yi wa teku, taki bayan taki. Waɗanda suka yi ƙwacen sun san da wa suke hulɗa, shi ya sa ba su taɓa gina gidan kwana a kwari ba. Kwari na shanu ne da tumaki.

Shi garin La Faute yana zaune bisa wani siririn harshen rairayi. Yamma da shi teku ce, da tuddan yashi da dajin itatuwan fir da ke kare shi. Gabas da shi kogin Lay ne, daidai inda yake buɗe baki ya zuba cikin teku, kuma gada ɗaya ke haɗa garin da maƙwabcinsa L'Aiguillon-sur-Mer. Ƙaramin gari ne, sai a 1953 ya samu zaman gundumar kansa. Kafin masifar, mazaunansa na dindindin wajen dubu ɗaya ne, amma lokacin hutun zafi sai ya cika maƙil da dubban baƙi masu zuwa wanka da shan iska. Waɗannan baƙi su ne arzikin garin. Ma'aikaci ya zo hutu shekara ashirin a jere, ya yi ritaya, sai ya ce bari ya sayi ɗan fili ya ƙare kwanansa a nan. Da filayen tudu suka ƙare, aka koma yanka na kwari, bayan ganuwar da ke tare kogin Lay, irin ganuwar nan da mutanen Yamai ke kira dig. Aka yi unguwanni sababbi masu sunaye masu daɗi, Les Doris da Les Voiliers, sunayen jiragen ruwa. Gidaje ne farare, gajeru, da jan rufi, marasa bene. Haka salon ginin yankin yake, kuma tsoho ba ya son hawan matakala.

To, mu da ba mu da teku, sai an yi mana bayani kafin mu gane abin da ya faru. Teku ba ta zaune wuri ɗaya kamar tabki. Sau biyu cikin yini da dare takan cika ta hau gaɓa, sau biyu takan janye, kuma wata ne ke jan ta. In wata ya cika, ko kuwa lokacin da ya ɓace kafin tsayuwar sabo, cikar takan fi girma. Faransawa suna da ma'aunin wannan, daga 20 zuwa 120, ana buga shi cikin ƴan littattafai shekara guda kafin lokaci, duk mai kamun kifi yana da nasa a aljihu. A daren nan wata ya cika, kwana kaɗan bayan Mauludi, ma'aunin kuma ya kai 102. Babbar cika ce, amma ba wadda ba a saba gani ba. Ita kaɗai ba ta isa ta tsallake ganuwa.

Sai ga guguwa. Ta taso ne daga can kudu, cikin ruwan ɗumi na Atlantika, ta bi ta gaɓar Fotugal da arewacin Sifen, ta iso Faransa da tsakar dare. Guguwa irin wannan tana ɗaga teku ta hanya biyu. Na farko, nauyin iskar sama da ke danne ruwa yakan ragu ƙwarai a tsakiyarta, sai teku ta kumbura kamar ƙullun da aka ɗauke wa hannu. Na biyu, iskar da kanta tana tura ruwa gabanta. A tsibirin Ré, wanda ake hangowa daga nan in gari ya washe, an auna gudunta kilometir 160 a awa. Daga kudu maso yamma ta kaɗo, ta cusa ruwa cikin mashigar da ke tsakanin tsibirin da gaɓa, wadda ke da siffar mazurari. A tashar jiragen ruwa ta La Rochelle, teku ta ɗara inda aka yi lissafin za ta tsaya da metir ɗaya da rabi. Kuma duk wannan ya zo daidai da sa'ar cika, wajen ƙarfe 4 na asuba. Da guguwar ta riga da awa shida, ko ta makara da awa shida, da teku a janye za ta tarar, da labarin bai wuce na rufi da itatuwa ba.

Shaidar haka tana nan. A ƙarshen Disamba na 1999 guguwa biyu, Lothar da Martin, suka bi Faransa kwana ɗaya tsakani. Martin ta fi Xynthia ƙarfi nesa ba kusa ba, a tsibirin Oléron an auna kilometir 198 a awa. Ta kwantar da dazuzzuka, ta kashe mutane, amma da yake cikar teku ba ta kai ta 2010 ba, ruwa bai yi wa La Faute irin wannan shiga ba. Sai mutane suka ɗauki darasin da ido ya nuna musu: haɗari iska ce, maganinta kuwa a shiga ɗaki a kulle.

Nan ne, a ganina, zuciyar al'amarin take. Ba a ɓoye wa kowa zuwan guguwar ba. Bayan abin da ya faru a 1999, hukumar hasashen yanayi ta Faransa ta fito da taswirar gargaɗi mai launi huɗu, kore, rawaya, ruwan lemo da ja. Tun yammacin Asabar aka sa jihohi huɗu cikin ja, har da Vendée. Rediyo da telebijin suka yi ta maimaitawa: kowa ya zauna gida, a rufe ƙofofi da tagogi, kada a fita. Mutanen La Faute masu bin doka ne. Suka shigar da kujerun tsakar gida, suka sauke marufan tagogi, suka kwanta. An ambaci hawan teku cikin sanarwar, amma a taswirar babu launi na musamman dominsa, kuma babu wanda ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wa mutanen kwari su tashi su koma tudu, alhali tudun bai fi tafiyar ƴan mintoci ba.

Ruwan bai zo ta gaba ba, ta wajen da kowa ke kallo, inda raƙuman ruwa ke dukan yashi. Ta baya ya zo. Teku ta tura cikin bakin kogin Lay, kogin ya cika ya kai bakin ganuwa, ya tsallake ta, ya zuba cikin unguwannin kamar yadda ake cika kwano. Wajen ƙarfe 3 na dare ne. Wutar lantarki ta ɗauke. Da yawa daga cikin gidajen, marufan tagoginsu na zamani ne, da lantarki suke hawa da sauka, saboda haka da wuta ta tafi suka zama ƙarfen kurkuku. Ƙofa kuwa, in ruwa ya danne ta, ƙato ma ba ya iya buɗewa, balle tsohuwa mai shekara saba'in da ta farka cikin duhu ta sa ƙafa ƙasa ta ji ruwa mai sanyin ƙanƙara. A waɗansu gidaje ruwa ya wuce metir biyu da rabi, watau ya kusa taɓa rufin ɗaki. Wanda ya samu hawa bisa kabad, ko ya fasa rufi ya fita bisa, ya tsira, in sanyi bai kashe shi ba kafin wayewar gari, sa'ad da ƴan kwana-kwana suka zo da kwale-kwale da jirage masu saukar ungulu. Mafi yawan mamatan tsofaffi ne. Akwai yara ƙanana a ciki, domin lokacin hutun makaranta ne. Akwai gidan da ya rasa mutum huɗu. Ƴan jaridar Faransa suka sa wa wurin suna kwarin mutuwa.

A duk Faransa, mutum 47 suka rasu. Gidaje wajen miliyan ɗaya suka kwana babu wuta a faɗin ƙasar, kamfanonin inshora suka biya kusan euro miliyar ɗaya da rabi, abin da ya doshi miliyar dubu na kuɗin sefa. Manoma kuma tasu ta daɗe. Ruwan gishiri ya kwanta bisa dubban eka, ya kashe shanu da tumaki, ya ƙone ƙasa. Sai da aka yi ta zuba mata jips, farin dutsen nan irin wanda ake haƙa a jihar Tawa domin simintin Malbaza, kafin ta saki gishirin ta koma ba da amfani.

Mai jin Faransanci ba zai rasa lura ba: “la faute” ma'anarsa laifi. Sunan garin ya girmi masifar da shekaru aru-aru, amma ya zauna daram, domin tambayar da ta biyo baya ke nan, laifin wa? An yi shari'a a garin Les Sables-d'Olonne a 2014. Aka nuna cewa an san haɗarin. An yi shekaru ana ja-in-ja tsakanin ma'aikatar magajin gari da ofishin perefe a kan taswirar wuraren da ruwa ke iya ci, domin duk filin da aka shafa wa ja ya faɗi a kasuwa. Garin ba shi da tsarin kwashe jama'a in ta ɓaci. Mataimakiyar magajin gari mai kula da izinin gini tana da filaye a kwarin, ɗanta dillalin gidaje ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar da ke da alhakin ganuwar. A watan Disamba na 2014 kotu ta yanke wa magajin garin, René Marratier, wanda ya riƙe kujerar tun 1989, ɗaurin shekara huɗu. Da aka ɗaukaka ƙara a Poitiers, a watan Afrilu na 2016, aka mayar da shi shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka tare da hana shi riƙon muƙami, aka sallami sauran. Daga baya kotunan da ke shari'a tsakanin talaka da hukuma suka raba alhakin biyan diyya gida uku: kaso mafi girma ga gunduma, sannan gomnatin ƙasa, sannan ƙungiyar ganuwa.

Ni dai, bayan na karanta abin da na karanta, ban ga yadda za a ɗora wa mutum ɗaya kayan nan duka ba, ko da yake ba na wanke shi. Takardun izinin gini sun bi ta hannun ma'aikatan gomnati kafin a sa musu hannu. Mai fili ya sayar ya ci riba, magini ya samu aiki, gunduma ta samu haraji, mai saye ya samu gida kusa da ruwa da araha. Kowa ya samu rabonsa cikin mantuwar. Kuma mantuwa ce, domin teku ta hau wannan gaɓa a 1940 da 1941 da 1957, tsofaffin masunta sun sani. Sai dai a wancan zamani makiyaya ta tarar a kwari, ta kashe tumaki ta koma. Waɗanda suka zo daga Paris da Nantes suka sayi filayen, ba su da kakan da zai ba su wannan labari. Wanda ya ga yadda kogin Isa ya tsallake ganuwa ya shiga unguwannin Harobanda a watan Satumba na 2020, ya kuma san yadda aka yanka waɗansu filayen aka sayar da takarda da hatimi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abin da gomnatin Faransa ta yi bayan haka, har yau ana gardama a kansa. A watan Afrilu na 2010, cikin gaggawa, ta zana abin da ta kira baƙaƙen yankuna, gidaje 1.510 a jihohin biyu da ta ce ba za a sake kwana cikinsu ba. Ta yi tayin sayen su da farashin da suke da shi kafin ruwa. Mutane suka fito zanga-zanga, domin an sa gidajen da ruwa bai wuce idon sawu ba, an bar waɗansu da suka nutse. Aka canza wa yankunan suna, aka rage layi a nan, aka ƙara a can. A ƙarshe gidaje wajen 600 aka rushe a La Faute kaɗai. Wanda teku ta bari, katafila ta ɗauke. Garin ya rasa kaso mai yawa na mazaunansa da na harajinsa, kuma ran 1 ga watan Janairu na 2022 aka haɗe shi da L'Aiguillon suka zama gunduma ɗaya mai suna L'Aiguillon-la-Presqu'île. An ƙara wa ganuwa tsawo. An wajabta wa gidajen da suka rage cikin haɗari su samu ɗaki a bisa inda za a fake. Tun 2011 taswirar gargaɗi ta samu alama ta musamman domin raƙuman ruwa da hawan teku, abin da babu shi a daren nan.

Mun bar mota muka taka da ƙafa. A jikin waɗansu gine-gine an manna ƴan faranti masu nuna inda ruwa ya kai. Akwai dutsen tunawa da aka rubuta sunayen mamatan, da furanni a gindinsa, waɗansu sabbi. Cikin filin golf ɗin, wanda aka buɗe a 2017, an dasa waɗansu itatuwa dogaye sirara masu duhun ganye, irin waɗanda Turawa ke dasawa a maƙabarta, a wuraren da gidajen mamatan suke. In ba a gaya maka ba, ado za ka ɗauke su. Wani dattijo da muka tarar yana yawo da karensa ya tsaya muka gaisa. Ya tambaye ni daga ina, na ce Nijar, ya ce to ku kam kun huta da teku. Gidansa na cikin waɗanda aka saya aka rushe, ko da yake ba ya nan a daren, yana wajen ɗiyarsa. Ya nuna mini da sanda inda ƙofarsa take, da inda maƙwabcinsa ke ajiye kwale-kwale. Ni ban ga komi ba sai ciyawa, shi kuwa titi yake gani da lambobin gidaje. Ya ce kuɗin da aka ba shi ba su yi kaɗan ba, ya sayi wani gida can cikin ƙasa, nesa da ruwa, amma duk mako sai ya tuƙo mota ya zo nan. Game da golf ɗin, ya ce da farko ya ji haushi ƙwarai, yanzu kuma ya ga gara haka da a bar wurin kufai. Akwai iyalan mamatan da har yau ba su taka filin.

Da la'asar sakaliya muka hau bisa ganuwar. Lokacin da muka iso da rana, kogin Lay ɗan siririn ruwa ne a tsakiyar laka, jiragen masu kiwon ƙumbar teku suna kwance a karkace kamar jakunan da suka gaji. Yanzu teku ta fara dawowa. Babu ƙara, babu kumfa, ruwa ne kawai mai launin ƙasa yana hawa, yana cinye laka, jiragen suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Babu iska ko kaɗan a ranar. Na tsaya na dubi hannun dama, na dubi hannun hagu, na sake dubawa, domin idona ya ƙi yarda: ruwan da ke wannan gefe ya fi ciyawar wancan gefe bisa. Dattawan nan biyu suna can ƙasa, ƙarƙashin kogi, suna tura ƴan kekunan sandunansu zuwa rami na gaba.

Abokina ya zaro ɗan littafin cikar teku daga aljihu, ya bi layi da yatsa, ya ce saura minti arba'in ta kai iyaka ta fara janyewa. Sanyi ya fara shiga mini ƙashi. Muka sauko, muka ƙetare gada zuwa L'Aiguillon neman shayi mai zafi kafin duhu ya rufe hanyar Luçon.